Harafin da Baba An-Hana Ya Gyara

Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran takalma, kuma tun kafin ka hango shi warin fenti da kananzir zai gaya maka ka iso. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana rubuta alluna a cikinsa. Ya rubuta sunayen shaguna, ya rubuta lambobin gidaje, ya yi wa motocin haya ado, amma abin da ya fi fita daga hannunsa shi ne allon hani. An hana ajiye mota a nan. An hana zuba shara. An hana fitsari a jikin bangon nan. Har sunansa na yanka ya ɓace a layin, yaro da babba kowa Baba An-Hana yake ce masa, shi kuma yakan amsa ba tare da ya ɗago kai daga kan buroshi ba.

Karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba. Turancin da ya sani duk a bakin aiki ya tsince shi, ɗaya bayan ɗaya, daga takardun da mutane ke kawo masa ya kwafa. Amma in dai maganar hani ce, ya ɗauki kansa malami. Kalmomi uku yake da su, kowace ya san mazauninta. PROHIBITED ta hukuma ce, ita ake sawa a ƙofar ofis da gidan mai, kuma tana son jan fenti da allo mai faɗi domin harafinta goma ne. FORBIDDEN ta fi nauyi, a ganinsa ita ce ta fi kusa da haram, don haka ba ya yarda ya ɓata ta a kan ƙaramin abu. BANNED kuwa ta abin da a da ake yi ce aka zo aka tsayar, yana kuma sonta saboda gajeriya ce, tana shiga ƙaramin katako.

In wani ya zo ya ce a rubuta masa FORBIDDEN a kan ajiye babur, Baba yakan sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube shi.

“Babur ɗin naman alade ne? Wannan kalma ta fi ƙarfin babur. Bar ni in sa maka wadda ta dace.”

'Ya'yansa biyar. Maza huɗu sun watse neman abinci, ba ko ɗaya da ya taɓa tsayawa ya karanta allon ubansa har ƙarshe. Auta ce kawai, mace, take zama a kan tsohon benci bayan an tashi daga makaranta, tana sauraronsa yana bambanta mata kalmomin nan uku kamar wani alƙali. Wata rana, tana 'yar shekara tara, ya ji ta a bayan shago tana gaya wa ƙawarta cewa babanta ya fi malaminsu iya Turanci. Bai nuna ya ji ba, amma ya adana maganar a zuciyarsa shekara da shekaru.

Sai Allah ya kawo mata miji, kuma cikin dukan sana'o'in duniya mijin ya kasance malamin Turanci ne, a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Mutum ne mai natsuwa. In ya zo gaisuwa tun daga ƙofa yake cire takalmi, ya durƙusa, ba ya haɗa ido da surukinsa. Baba ya nemi aibu a jikinsa ya rasa, kuma rasawar ce ta fi ci masa rai. A gabansa yana ce masa Malam. A bayan idonsa kuwa, shi da mai walda, Ƙamus suke ce masa.

Tun daga auren, bakin Auta ya koyi wata sabuwar waƙa. Malam ya ce kaza, Malam ya ce ba haka ake faɗa ba. Wata ranar Asabar suka biyo ta shago su biyu, idonta ya faɗa kan wani tsohon allo da aka kawo a sabunta masa fenti, mai cewa YOU ARE PROHIBITED TO ENTER.

“Baba, Malam ya ce prohibited ba ta tafiya da to. Da from take tafiya. Forbidden ce ke ɗaukar to. Ko ba haka ba ne, Malam?”

Malam ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. “Ai ma'anar ta fita, Baba. Kowa zai gane.”

Baba ya ci gaba da wanke buroshi a cikin gwangwanin kananzir. “Shekara ashirin allon nan yana tsaye a ƙofar sito, ba wanda ya taɓa shiga. Ban san me from ɗin za ta ƙara ba.”

Suka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da suka tafi ya juya allon ya fuskanci bango, kuma ranar bai iya cin abincin rana ba. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ta dube shi ta dubi kwanon.

“Baban Auta, wai kishi kake yi da mijin 'yarka?”

“Kishin me? Mutumin da ko layi miƙaƙƙe ba zai iya ja da buroshi ba?”

“To ai ba layi aka aura mata ba,” in ji Inna, ta ɗauke kwanon.

Ana cikin dogon hutu sai ga Auta ta zo ita kaɗai da takarda a hannu, fuskarta cike da murna. Shugabar makarantar su Malam tana son babban allo a bakin ƙofa, wanda zai nuna kayan da aka hana ɗalibai shiga da su ɗakin kwana, don iyayen sababbin ɗalibai su gani in sun zo karɓar takardun shiga. Har an yi maganar a ba masu bugawa da na'ura, Malam ne ya tsaya ya ce surukinsa ya fi su hannu.

“Shi ya samo maka aikin, Baba. Ga rubutun da hannunsa ya yi. Ya tafi gyaran takardun jarrabawa, sai ana gobe za a koma zai dawo.”

Baba ya karɓi takardar da yatsu biyu. Ko wannan alherin ma sai da ya tsaya masa a wuya. Ya tambaya ko a sa An Hana a ƙasa da Hausa, ta ce a'a, Shugaba ta ce makarantarsu ko a filin wasa Turanci ake yi.

Bayan ta tafi ya zauna ya karanta a tsanake, yana bin kalmomin da yatsa. Layin farko ya ce THE FOLLOWING ITEMS ARE PROSCRIBED IN THE HOSTEL, a ƙasa kuma aka jera kayan: hita, risho, dutsen guga, wuƙa, wayar hannu. Yatsansa ya tsaya a kan doguwar kalmar nan. Ba prohibited ba ce, ba forbidden ba ce. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa.

Ya san kalmar. Shekarun baya ya taɓa rubuta wa mai kemis na ƙarshen layi allo mai cewa NO DRUG SOLD UNLESS PRESCRIBED, kuma mai kemis ya gaya masa ma'anarsa ita ce an hana sayar da magani sai da takardar likita. Tun lokacin ya ajiye ta a ransa a matsayin kalmar hani ta huɗu, ta manya, wadda ba a cika fito da ita ba. Bai yarda da ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba. Ya rufe shago, ya taka har ƙarshen layi, ya tsaya a gaban kemis yana ƙirga haruffan da ya rubuta da hannunsa. P, R, E. Ya dubi takardar Malam. P, R, O.

Ya dawo yana tafiya kamar an rage masa shekara goma. Bai shiga shago ba, wurin mai walda ya nufa, ya ɗaga masa hannu, shi kuma ya kashe inji.

“Ƙamus ya yi tuntuɓe.”

Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa. “Wane irin tuntuɓe?”

“Harafi. Ya sa O a wurin E. Malamin Turanci guda, a allon da duk gari zai karanta.”

“To sai ka buga masa waya ka tambaye shi mana.”

“In tambaye shi? Ni zan gyara masa. In rufa masa asiri tukuna, in ya dawo sai in nuna masa a gaban matarsa, a hankali, ba da faɗa ba. Yaro ne, kowa yana kuskure.”

“Kai dai, An-Hana, wannan rufin asirin naka da kiɗan ganga za ka yi shi,” in ji mai walda, ya sauke gilashi.

Bai taɓa yin aiki da ƙauna irin wannan ba. Ya goge faifan ƙarfen har sau uku, ya shafa fari ya bar shi kwana biyu ya bushe. Ya ja layuka da zare da alli. Kalmar nan ya yi ta da ja, ya ƙara mata tsayi a kan sauran, da ya zo kan E kuwa ya canja zuwa sabon buroshi, ya ja ƙafafunta uku daidai wa daida, ya koma baya yana kallonta. Bayan sallar la'asar yakan yi istigfari a kan abin da yake ji a zuciyarsa, domin ya san ba tsantsar gyara ba ne. Yana sallamewa kuma sai ya tarar yana shirya kalmomin da zai faɗa wa Malam.

Aka kafa allon a bakin ƙofar makarantar. Shugaba ta wuce a mota, ta leƙo ta taga, ta ce ya yi kyau. Mako uku allon na tsaye, iyaye suna zuwa suna kwafe jerin kayan a takarda, wasu suna ɗaukar hotonsa da waya. Takardar Malam kuwa Baba ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, duk rigar da zai canja sai ya mayar da ita ciki.

Ranar komawa makaranta ya sa wankakkiyar riga, ya ce wa Inna zai je ya duba ko rana ta taɓa fentin. Ta ce, “Ka gaishe da fentin, ka gaishe da Auta.” Domin Auta da mijinta a gidajen malamai suke zaune, a cikin harabar.

Tun daga nesa ya ga cunkoso. Motoci sun tsaya, akwatuna a ƙasa, 'yan mata cikin sababbin kayan makaranta suna tsaye cirko-cirko. A gaban maigadi an tara tsibin kaya: risho sabbi a cikin kwali, hita, dutsen guga, wuƙaƙe a naɗe cikin jarida. Wata uwa ta riƙe wayar 'yarta gam tana cewa ba wanda zai karɓe ta. Wani dattijo mai jakar fata, da gani ma'aikacin ofis ne, yana nuna allon da makullin mota.

“Ku kuka ce a kawo. Ni ma na yi mamakin wuƙa, na ce wataƙila darasin girki ne. Ga shi nan da ja, prescribed. Abin da aka umarta ke nan, kamar maganin da likita ya rubuta maka ya ce ka sha. Yanzu kuma ku ce an hana?”

Baba yana tsaye a bayan taron, maganar ta shiga kunnensa. Kamar maganin da likita ya rubuta. Allon kemis ya dawo masa harafi bayan harafi, ya ga ashe hanin da ke cikinsa a ɗan NO na farko yake, doguwar kalmar kuwa takardar likitan ce. Ya duba hanyar da ya biyo, har ya juya ƙafa ɗaya, sai ya ji muryar Auta.

“Baba, yaushe ka zo?”

Kafin ya amsa, Shugaba ta fito, doguwar mace mai tabarau a rataye da sarƙa, Malam yana biye da ita. Ta tsaya a gaban allon ta karanta, wannan karon ba daga cikin mota ba. Ta karanta sau biyu. Sannan ta juya.

“Malam, me na ce ka rubuta?”

“Proscribed, ranki ya daɗe. Mai O. An haramta.”

“Wannan kuma fa?”

“Wannan mai E ce. An wajabta.”

Wani ya yi dariya a cikin taron, wasu suka kama. Shugaba ba ta yi ba. “Ina mai fentin? Ai ka ce surukinka ne.”

Malam ya ga Baba, Baba ya ga ya gan shi. Sai Malam ya ɗauke kai ya matsa gaba kaɗan, yadda jikinsa zai tare tsakanin Shugaba da tsohon.

“Laifina ne, ranki ya daɗe. Da sauri na rubuta ranar da zan yi tafiya, kuma O ɗina yakan yi kama da E. Abin da na ba shi ya kwafa. Shekara talatin yana aikin nan, ba ya ƙara harafi ba ya ragewa.”

“Malamin Turanci,” in ji Shugaba a hankali, “a gaban iyaye. Za mu yi magana a ofis.”

Da a ce Baba ƙasa yake kallo, da maganar ta wuce a haka. Amma Auta yake kallo. Ta san rubutun mijinta, ta san O ɗinsa a zagaye yake kamar ƙwai, ta kuma gane abin da ya yi yanzu. Tana duban mijin nata da wani irin kallo, idonta ya kawo ruwa, kallon da Baba ya sani sarai domin a da nasa ne. Kunyar da yake ji ta ja baya, wani abu mai zafi ya taso ya maye gurbinta. Wato Turancin bai ishe shi ba, har kuskuren ma sai ya ƙwace ya yi ado da shi a gabanta.

Ya ratsa mutane, ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ninkinta ya miƙa wa Shugaba.

“Ranki ya daɗe, ni ne mai fentin. Duba da kyau. Wannan O ɗin ko daga ƙetaren titi za a gane shi. Bai yi sauri ba, bai yi kuskure ba. Ni na ga kamar ya yi, na gyara masa.”

“Ka gyara masa?”

“Na gyara masa.”

“Kai kake gyara wa malamin Turanci Turanci?”

“Haka na yi.”

“Me ya hana ka tambaya?”

Baba ya dubi Auta, ya kau da kai. Amsar tana nan, amma ba ta faɗuwa a gaban mutane.

Dattijon mai jakar fata ne ya sauƙaƙa abin. Ya ce laifin na Turawa ne, da suka bar harafi ɗaya tal tsakanin yi da bari. Aka yi dariya, iyaye suka fara kwashe rishonsu suna mayarwa mota. Shugaba ta ninke takardar ta ba Malam, ta ce wa Baba ya gyara allon kafin azahar, kuma sauran allunan da ta yi niyyar ba shi, na ɗakin karatu da na ɗakin cin abinci, za ta kai wa masu na'ura, su ba sa gyara wa kowa komai.

Ya koma shago ya ɗauko fari da ja. Ya hau tsanin maigadi, rana tana dukan ƙeyarsa, ya shafe E ɗin nan da ya ja da sabon buroshi, ya jira ta sha iska, ya zagaya O a wurin. Malam ya zo ya tsaya a ƙasa zai riƙe tsani, Baba ya ce masa ya je ɗalibai na jiransa, tsanin ba ya rawa. Da ya sauko ya ja baya ya duba. Aikin ya yi, sai dai farin wurin ya fi na sauran allon haske, duk mai ido zai san an taɓa shi.

Auta ta rako shi zuwa bakin titi inda zai hau mota. Ta karɓi jakar gwangwanayen ta riƙe masa.

“Baba, me ya sa ka faɗa? Ai ya riga ya rufe maganar.”

“Kuskurena ne. Da hannuna na yi shi, kwana huɗu ina yi. Ba wanda zai ɗauke mini shi ina tsaye.”

Ta yi ƙoƙarin danne dariya ta kasa. Shi bai yi ba, yana kallon titi.

“Malam ya ce,” ta fara, sai ta ga yadda kafaɗarsa ta motsa, amma ta ci gaba. “Malam ya ce a cikin mutum ɗari da wuya a sami ɗaya da zai fito da takardar nan. Ya ce shi kansa bai san ko zai iya ba.”

Baba ya ji daɗin maganar, ya kuma ji haushin inda ta fito. Ko yabon nasa ma sai ya biyo ta bakin Ƙamus kafin ya iso gare shi. Wata mota ta tsaya, ya ɗaga mata hannu ta wuce, bai shirya hawa ba tukuna.

“Wannan Malam ne ya ce. Ke me kika ce?”

“Ni?” Ta gyara riƙon jakar. “Ni ce masa na yi, to da wa kake tsammani? Ai babana ne.”

Ya yi gyaran murya, ya karɓi jakarsa daga hannunta, ya leƙa ciki kamar yana duba ko murfin jan fentin ya rufu da kyau. Ya daɗe yana dubawa.

“Ki ce masa ranar Asabar ya zo shago,” ya ce, har yanzu kansa na cikin jakar. “Ya rubuto mini kalmar nan da 'yan uwanta duka, in akwai wasu da yake ɓoyewa. Ke kuma ki zauna a gida, ba sai kin biyo shi ba.”